Turin Uwa a Falalen Sulɓi

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya shimfiɗa ƙasa ya sa mata kaushi don ƙafar bawa ta sami abin kamawa, ya ba giwa nauyi, ya ba tsuntsu sauri, bai tauye wa kowa rabonsa ba. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta.

Bayan haka, ya ku masu karatu, ni ce Tabawa mai ƙuli-ƙuli, mutuniyar Tudun Marke. Karatuna bai wuce na allo ba, sai ɗan rubutun da 'yata ta koya mini da gawayi a jikin bango, don haka in kun ga karkata ku gyara. Kwana da kwanaki ke nan wata magana ta tokare mini ƙirji. In na zauna cin abinci tana nan, in na ta da salla ta biyo ni har sujada. 'Yata ta roƙe ni in sa hannuna biyu a kafaɗunta, in ingiza ta da iyakar ƙarfina zuwa wani gari mai nisa, inda zan yi shekaru ban gan ta ba. Kafin ku ce mini komai, ku bari in ba ku labarin yadda na zo inda nake.

Yarinyar nan 'yar fari ce, saboda haka sunanta ba zai fito daga bakina ba, kwa ji shi a bakin wasu. Tun tana ƙarama Allah ya zuba mata tambaya. In ta hau turmi ta yi tsalle gaba, sai ta waiwayo ta ce, “Inna, ni na yi gaba, wa ya ka da turmin baya?” In ce mata aljani ne, ta sauka mini daga kan kaya. Tukwanen da ta fasa mini wajen gwaje-gwaje sun isa a yi wa amarya jere. Da ta girma ta ji labarin wani malami a ƙasar Sulɓawa mai koyar da ilimin tafiyar abubuwa, ta dame mahaifinta har ya sa mata albarka, ta bi ayarin kawunta.

Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, sai ga wani falke ya dawo daga can. Na aika masa da fura, na tsaya bayan zana na ce, “Kun ga yaran?” Ya gane wadda nake nufi. Ya ce, “Lafiyarta ƙalau, karatu sai hamdala. Sai dai ta rame.”

Ta rame! Wallahi ban ƙara jin abin da ya faɗa ba. Na shiga ɗaki na hau ɗaure kaya: ƙuli-ƙuli, daddawa, kuka, yaji, kilishi, man shanu a ɗan gora, har da ɗan dutsen niƙa, don ban sani ba ko mutanen can sun iya niƙa mai laushi. Maigida ya leƙo ya ce, “Tabawa, ƙaura za ki yi?”

Na ce, “Zuwa da kai ya fi saƙo, Malam.”

Ya ce, “Allah ya tsare. Amma ki tausaya wa jakin.”

Yana da gaskiya, don ni Allah ya ba ni jiki. Tun daga ƙofar gari jakin nan yake waiwayena kamar na kashe masa uwa.

Na bi wani ayari, muka ratsa dajin rimaye masu tsayin da girgije ke kwana a rassansu, muka ratsa ƙasar jan yashi inda rijiyoyi ke amsa sallama, har muka isa Kogin Karkata. Nan ayari ya yi kudu, jaki ya bi su yana murna, aka bar ni da kayana da wani mai jirgi, baƙi siriri, sunansa Jatau.

Na ce, “Baba mai jirgi, waccan tsamiyar ta tsallake za ka kai ni, an ce can hanya take.”

Ya dube ni, ya dubi kwalekwalensa, ya ce, “To Iya, shiga. Tsakiya fa, don girman Allah.”

Muna barin gaɓa sai na ga ya karkata hancin jirgi sama, wajen wani gawo can nesa. Na ce, “Bawan Allah, ruwa ne a kunnenka? Tsamiya na ce.”

“Na ji.”

“To me ya kai hancin jirginka gawo?”

“Don mu isa tsamiya.”

Na ce a raina wannan ya ji ƙanshin kilishi, daji zai kai ni. Na ɗaure fuska na ce, “Ni ba yarinya ba ce. Ka dubi tsamiya sosai, ko ka mai da ni.”

Ya ce, “Yadda kika ce, Iya.” Ya miƙe hancin jirgi ɗoɗar ga tsamiya, ya ci gaba da tuƙi. Ikon Allah, sai na ga tsamiya ta kama tafiya! Muna dubanta tana gudu hagu, mu kuwa ruwa yana gangarawa da mu dama, har na hango wasu baƙaƙen duwatsu a tsakiyar kogi. Ɗaya daga cikinsu ya yi hamma. Dorina ce, bakinta kamar ƙofar rumbu.

Na ce, “Innalillahi! Baba, yi yadda ka sani! Gawo, marke, duk wanda ka ga dama!”

Ya yi dariya har haƙorinsa na goro ya fito, ya juya jirgi, ya yi ta fama har muka fita can ƙasa cikin taɓo. Da numfashina ya dawo, ya karyo kara biyu, dogo da gajere, ya tsuguna. Ya ce, “Iya, kowace tafiya tana da girma, tana kuma da fuskar da ta dosa. Wannan dogon tuƙina ne. Wannan gajeren gudun ruwa ne, kullum ƙasa yake duba. Jirgi ba ya zaɓen wanda zai bi, duka biyun yake bi lokaci guda.” Ya ajiye dogon, ya ɗora gindin gajeren a bakin dogon, ya ja layi da yatsa daga inda na farko ya fara zuwa inda na biyu ya ƙare. “Nan za ki sami kanki. In kina son layin nan ya faɗa kan tsamiya, sai ki karkata dogon sama.”

Na ce, “Wato in kana so ka je wuri, wani lokacin sai ka dubi wani wurin.”

Ya ce, “In akwai mai ja a gefe.”

Na ba shi kilishi don kunya, ya taya ni ɗaukar kaya har tsamiya.

Daga nan hanya ta hau tudu, da na kai ƙarshensa sai na tsaya na riƙe baki. Falale ne, dutse guda shimfiɗe tun daga ƙafata har inda sama ta taɓa ƙasa, sumul, yana ƙyalli, ana ganin girgije a cikinsa kamar a ruwan randa. Shi ne Falalen Sulɓi. Miyar kuɓewa kaushi ce a kansa. Ƙafa ba ta kama shi, kofato ba ya kama shi, ko ƙadangare ya faɗa sai dai ya yi ta iyo a wuri ɗaya. Can cikinsa akwai tsibirai na ƙasa masu itatuwa, a nan Sulɓawa suke zaune.

Ina tsaye sai ga wata tsohuwar hula ta zo ta wuce a kan dutsen, sulululu, ba kowa a ƙarƙashinta. Wata mata da ke zaune a bakin falalen ta ce mata, “Sannu da hanya, Kaka.” Ta juyo ta ce da ni, “Hular kakanmu ce, ta faɗi tun yana saurayi. Abin da ya fara tafiya a nan ba ya gajiya, sai in wani abu ya tare shi.”

Sunan matar Azumi, ita ke sallamar matafiya. Na gaya mata wurin malamin na nufa. Ta jawo wani akushi mai faɗin tabarma ta ce in shiga, ta ba ni jakar duwatsu. Ta ce, “Zan tura ki wajen wancan tsibiri mai gamji, can malamin yake. In kina son ƙarin gudu, jefa dutse baya. In kina so ki yi dama, jefa hagu. Abin da kika jefa ya tafi can, ke ki taho nan. Kada ki yi wasa da su. Kuma ki yi hankali da Dutse Mai Yawo.”

Na ce, “To tsayawa fa?”

“A nan 'yan'uwa ke tsai da mutum. Wa kike da shi can?”

“Akwai yarinya.”

“Shi ke nan, kin tsaya.”

Da na sani na ƙara tambaya. Ta dafa akushi ta tura, ta yi nishi, bai tafi yadda take so ba. Ta ƙwala wa maƙwabciyarta kira, “Ke Yalwa, zo ki taimaka, yau an kawo mana dutse da zane!” Suka haɗu suka ingiza.

Jama'a, daɗi! Ba girgiza, ba ƙara, ba ciwon gwiwa. Ni da nake haki in na je rijiya, ga ni ina tafiya kamar sarauniya, iska tana kaɗa mini mayafi. Na yi dariya ni kaɗai, har na kama 'yar waƙar daka. Na jefa dutse baya na ji an ɗan zungure ni gaba, na sake jefa wani don in tabbatar.

Sai shirwa ta hango kilishi. Ta sauko daga arewa ta kai sura, na kore ta, ta dawo. Zuciya ta ɗebe ni. Kilishin 'yata da ta rame? Na ɗauki dutse na jefe ta, na ƙara, na ƙara, ina faɗa mata abin da ya dace da ita da danginta, har hannuna ya taɓa gindin jaka. Shirwa ta tafi ba ko ƙwarzane. Da na duba gaba, tsibiri mai gamji ya koma hagu. Duk jifan da na yi arewa ya tura ni kudu, kuma abin da ke gabana yanzu dutse ne ƙato, ya fi ɗakin soro, yana tahowa a hankali kamar hawainiya.

Na ɗebo ƙuli-ƙuli na yi ta jifan gaba don in rage gudu, ina jifa ina ba shi haƙuri, don da hannuna na soya shi. Bai yi komai ba, ƙuli-ƙuli ba shi da nauyi. Dutse yana ƙara girma a idona. Sai Allah ya kawo mini karan Jatau a rai. Dogon kara shi ne gudun da nake yi, ba ni da abin da zai kashe shi. Amma ai ba sai na kashe shi ba, ɗan gajere zan ɗora masa a gefe. Na rungumo ɗan dutsen niƙa, na ce bismillah, na wurga shi kudu da duk ƙarfin da na tara a shekarun daka. Akushi ya zabura arewa. Na wuce ta gefen Dutse Mai Yawo har bakin mayafina ya shafe shi, na ji sanyinsa a kumatuna. Da na buɗe ido, ga gamji ya dawo gabana.

Na ce, “Allah ya yi maka albarka, Jatau, kai da dorinarka.”

Mutanen tsibirin sun hango ni, sun cika gaɓa, mata suna guɗa. Na lura ba kan tsibirin zan faɗa ba, ta gefensa zan wuce, kuma ba ni da sauran abin jifa sai su daddawa. Sai ga wani ɗan akushi ya fito da gudu yana nufo ni, da wata siririyar yarinya a ciki ta buɗe hannu biyu.

Ita ce. Ta ƙara tsawo, ta yi haske, wuyanta kamar na barewa.

“Inna! Inna, buɗe hannu! Rungume ni!”

Ashe tsayawar ke nan da Azumi take faɗi. Ku da kuka san gida, ku faɗa mini: 'yar fari, a gaban gari guda, maza da mata, in buɗe hannu in rungume ta? Ni da ko sunanta ban taɓa kira ba? Hannuwana da kansu suka shige cikin mayafi, fuskata ta juya gefe. Na ce, “Ke, mutane na kallo.”

Fuuu! Ta wuce da mayafina a hannu, ni na wuce da kunyata.

Guɗa ta tsaya cak. Sai na ji muryar wani tsoho daga gaɓa, “Hansai! Wace irin uwa ce wannan?”

Yarinyar nan ta amsa, “Ni ce 'yar fari, Malam!”

“Subhanallahi! Ai da kin faɗa tun da wuri!”

Gari ya fashe da dariya, ni kuwa tsibiri yana komawa bayana, gabana babu komai sai falale da sama. Ina jin tsohon yana ihu, “Kada ki kama ta ta baya, gudu za ki ƙara mata! Sha gabanta! Mata, ku fito! Maza, ku tsaya inda kuke, matar mutane ce!”

Yarinyar nan ta yi ta jifa, akushinta mara nauyi ya juyo, ya zo ya wuce ni kamar kibiya. Can gaba ta sake jifa ta juyo ta fuskance ni. Wannan karon ba ta dariya. Ta ce, “Inna, can gaba babu gari, babu ruwa. Ko ki rungume ni, ko ki wuce.”

Na rufe ido na buɗe hannu.

Gum! Ta faɗo ƙirjina. Rabon da in riƙe ta haka tun ranar da kakarta ta ɗauke ta yaye. Ƙanshin kanta bai sake ba. Na ƙanƙame ta na ce, “Kin rame.”

Ta ce, “Ke kuma kin ƙara, Inna. Duba, har yanzu tafiya muke.”

Gaskiya ne, gabas muke yi, sai dai gudun ya ragu. Ta ce, “Nawa ƙarfin tafiyar ya dubi yamma, naki ya dubi gabas. An cire nawa daga naki, saura mai yawa.” Ba ta rufe baki ba sai ga matan gari sun sha gabanmu, suna zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowace da hannu a buɗe. Gum, “Sannu da zuwa!” Gum, “Ya hanya?” Gum, “Ya mutanen gida?” Ina amsawa ta ƙarƙashin hammatar wata, har muka zama curi guda kamar ƙudan zuma, sannan muka tsaya cak. Wata tsohuwa da ta maƙale a bayana ta ce, “Tun da uwata ta haife ni ban taɓa ganin baƙuwar da ta cinye matan unguwa biyu ba.” Aka rangaɗa guɗa, aka yi ta jifa gabas ana waƙa har muka koma gamji.

Kwanakin da suka biyo baya ban taɓa jin daɗi irinsu ba. Sulɓawa duk sirara ne, don mai nauyi yana cin duwatsu da yawa, saboda haka ba su taɓa ganin irina ba. Suka sa mini Giwar Falale. Ni da ake yi wa ba'a a gidan biki, ga ni ana rububin zama kusa da ni. Da yamma 'yan mata su zaunar da ni a akushi, su zo su tura ni, su su yi baya da gudu suna ƙyalƙyala dariya, ni ko in ɗan motsa kamar mai gyara zama. Na yi musu miyar kuka da daddawar da ta tsira, tsohon nan ya sha har ya share hawaye. Shi ne malamin, Malam Cindo, ɗan ƙanƙanin mutum mai farin gemu, in iska ta taso sai an riƙe shi.

Na tambaye shi, “Malam, me ya sa kuke tsoron Dutse Mai Yawo, abin da hawainiya za ta tsere masa?”

Ya jefo mini goro da ƙarfi, na cafe. Ya ce, “Wannan ya fi dutsen gudu, ga shi kin tsai da shi da hannu ɗaya. Ƙarfin tafiya, Tabawa, nauyi ne da gudu a haɗe, a ninka wannan da wancan. Yana da fuska, kamar karan mai jirginki. Kuma ba ya mutuwa, sai dai ya sake hannu. In biyu suka rabu daga tsaye, abin da wannan ya ɗauka gabas, daidai shi wancan zai ɗauka yamma. Mara nauyi ya biya da gudu, mai nauyi ya biya da jiki.”

Na ce, “Ashe ba aljani ne ya ka da turmin ba.”

Yarinyar nan ta yi dariya har ta ƙware.

Abu ɗaya ne ya hana ni sakewa. In na zuba mata tuwo sai ta ci rabi ta ture. Na sa man shanu, na sa yaji, na yi fushi, na yi lallashi. Ran nan da hantsi muna tsince kuka a gindin gamji na ce, “Ke, wa ya hana ki abinci a garin nan? Faɗa mini in je in same shi.”

Ta sunkuyar da kai ta ce, “Ba kowa, Inna. Ni nake rage nauyi. Birnin Ma'auna nake so in je.”

Malam Cindo ne ya yi mini bayani. Can gabas, ƙarshen falale, akwai birnin da ake koyar da tafiyar wata da taurari, shi ma can ya yi karatu. Ya tafi da baƙin gemu ya dawo da furfura a ciki. Ya ce abin da ke kansa duk ta kwashe, ba shi da sauran abin ba ta. Hanyar kuwa ɗaya ce, wata 'yar ƙofa tsakanin tsaunuka biyu, ba a hango ta sai daga wani wuri a tsakiyar falale da suke kira Cibiya. A Cibiya babu ƙasa, babu itace, babu abin da mutum zai dafa ya tura kansa, sai mutum ɗan'uwansa. A shekara sau ɗaya iska takan kwanta, sai mai tafiya da mai turi su je can su tsaya, a yi turi guda. Duwatsu kaɗan ake ɗauka don gyaran hanya, saboda duk dutsen da ka ɗauka shi ma sai an tura shi. Dole ka isa kafin ruwan goranka ya ƙare. In an isa, mutanen birnin suna bakin gaɓa da hannu a buɗe.

Ya ce, “In ni na tura ta, ni zan yi yamma kamar ganye, ita ta tafi da rabin gudu. Duk garin nan haka muke. Amma ke, Tabawa, in kika tura ta, kusan duk gudun nata ne. Ban taɓa ganin wanda Allah ya kawo wa mai turi irin wannan har gida ba.”

Na ce, “Ni na zo in ƙara mata ƙiba ne, Malam, ba in jefa ta bayan duniya ba.”

Ya ce, “Ku dai gwada a nan kusa. Gwaji ba tafiya ba ne.”

Muka fita bakin tsibiri, gari ya fito kallo. Na dafa kafaɗunta, na tura. Sai muka kama juyawa kamar mazari, ni da ita, muna tafiya wani wajen da ba gabas ba ba yamma ba, har muka faɗa cikin akushin wani mai sayar da gishiri. Da aka jawo mu Malam ya ce, “Hannun dama ya tura. Na hagu fa, me yake yi da bakin zanenta?”

Na duba, ashe yana riƙe. Wallahi ban aike shi ba.

Ya ce, “A nan abin dariya ne. A Cibiya, karkatar da ba ta fi faɗin yatsa ba ita ce za ta sa ta kuskure ƙofa. In za ki tura, ki tura duka. In ba za ki iya ba, kada ki taɓa ta.”

Muka sake. Yarinyar nan ta dube ni ta ce, “Inna, kamar kina kirɓa sakwara.” Na yi dariya ban shirya ba, cikin dariyar na tura da hannu biyu. Jama'a, da kun gani! Ta tafi ɗoɗar kamar an ja zare, mayafinta yana tashi, ta ɗaga hannu sama tana ihu don murna, gari yana tafi, tsohon nan yana tsalle yana cewa, “Haka! Haka!” Ni kuma ina ja da baya a hankali, a hankali, ina kallonta tana ƙanƙancewa. Ban taɓa ganin abu mai kyau kamar tafiyar nan ba, kuma ni na yi ta da hannuna. Ina dariya, sai na ji gishirin hawaye a bakina.

Da yamma ta zo ta zauna kusa da ni, ta ɗauki tuwon da na ajiye ta cinye tas, don in ji daɗi. Ta ce, “Inna, ban aika a kira ki ba, Allah ne ya kawo ki. In kin ce mu koma gida, gobe sai in ɗaure kaya, ba za ki ji na ce uffan ba. In kin yarda in tafi, ke nake so ki tura ni. Hannunki na sani.”

To ga inda nake. Iska ta fara yin sanyi, ganyen gamji da ƙyar yake motsi, masu duba sama sun ce kwanciyarta ta kusa. In na ce mu koma, za ta bi ni, na san ta, za ta zauna tana taya ni suyar ƙuli-ƙuli tana kallon wata ta saman danga. In na ce ta tafi amma ba da hannuna ba, siririya irinta ce za ta tura ta, ruwan gora kuwa ba ya jiran mai tafiyar hawainiya. In kuma na je Cibiya, to sai na tura da gaske, hannu biyu, ba riƙon zane, kuma iyakar ƙarfin da na sa iyakar saurin da za ta ɓace mini. Malam ya ce a gwaji na iya. Amma a gwaji na san kafin la'asar za ta dawo ta ce yunwa take ji.

Fatake za su tashi da wannan rubutu, mai yiwuwa ya iske ku kafin iska ta kwanta. Ku iyaye, musamman ku da Allah ya ba 'ya mai tambaya, ku dubi girman Allah ku faɗa mini: in ɗaure mata kayan gida, ko in shiga akushi? In kuma akushin ne, me zan yi da hannun nan na hagu?